Wuƙar Baffa da Ragon Bauranya

Kwanakin baya aka kawo mini tsarabar rake a zaure, sanda uku masu kauri. Mu kusan goma ne a zaune, duk maza, wasu har da furfura a gemu, amma da na ce wani ya ba ni wuƙa sai aka shiga kallon-kallo. Kowa ya lalubi aljihu. Waya ta fito, makullin babur ya fito, har da wani guntun biro marar murfi, wuƙa dai babu. Ƙarshenta cikin gida aka aika, aka kawo mana wata mai ƙotar roba da ake yanka albasa da ita, tana ta lanƙwashewa a jikin raken. Na sha, amma bai yi mini zaƙi ba. Ban ce komai ba, domin yanzu duk abin da na faɗa sai a yi murmushi a ce tsufa ne.

A zamanin da na tashi, a ƙauyenmu da ke gefen Mawashi, namiji ba ya fita gida babu wuƙa, kamar yadda ba ya fita babu hula. Mahauta da mafarauta da masu doguwar tafiya su ne masu zungureriya a kube. Malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata kuwa 'yar aljihu suka fi so, mai ninkewa, wadda bakinta ke kwanciya cikin ƙotarta, ba ta huda riga, ba ta kuma tsorata kowa. Da ita ake cire ƙaya daga ƙafa, a yanke farce, a ɓare rogo a gona, a raba goro ɗaya ga mutum huɗu ba wanda zai ce an cuce shi. Da ita ake gyara igiyar guga idan ta tsinke a bakin rijiya. Idan kuma dabba ta faɗi tana neman mutuwa, duk namijin da ke kusa shi ake kira ya yanka kafin ta zama mushe, ba a ma tambayarsa ko yana da wuƙa, an san yana da ita. Yau kuwa idan aka tsayar da mota aka laluba aka sami wuƙa a aljihunka, sai ka yi rantsuwa kafin a yarda kai mutumin kirki ne. Ni kaina 'ya'yana sun raba ni da tawa ta yawo tuntuni, wai kada in jawo musu magana a hanya. Ban ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka, amma abin yana ci mini rai.

Duk wanda ya san gidanmu ya san adakar Baffa. Baffa wan mahaifina ne, shi ne babba a gidan, shi ke da makarantar allo, shi ne kuma ya riƙe ni tun ina ƙarami. Mutum ne siriri, ba shi da yawan magana, ba ya tara tufafi, takalminsa ɗaya sai ya mutu yake sayen wani. Abu guda kawai Allah ya jarabce shi da so, wuƙaƙen aljihu. Yana da su cike da wata 'yar adakar katako, kowace a naɗe cikin tsumman saƙi. Ran Alhamis da ba a karatu, bayan la'asar, zai sa a shimfiɗa masa buzu ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe su da man gyaɗa, ya wasa wadda ke bukata a dutse, ya goga a bayan fata. Har yau idan na rufe ido ina jin sautin nan, shuu, shuu, ga kukan kurciya a sama, ga daka daga cikin gida, sai kuma ƙas idan ya rufe ta. Ta wannan ƙas ɗin yake gane wuƙar kirki. Wadda ta rufe ba sauti, ko ta yi kwaram-kwaram, ko kyauta aka ba shi sai ya yi godiya ya miƙa wa wani.

Da yatsu yake awo. Yakan ɗora bakin wuƙa a kan yatsunsa a jere, idan ta kai huɗu ta tsaya, to ta yi daidai. Mai yatsu uku ya ce ta masu goro ce. Wadda ta kai ɗani kuwa, ya ce mai ita ko dai mahauci ne ko yana neman rigima. Bakunan ma kowane da sunansa. Akwai ganyen gero, doguwa siririya mai tsini, ta cire ƙaya da huda fata. Akwai mai tumbi, wadda kaifinta ya yi ciki ya zagayo, masu fiɗa ke son ta. Akwai 'yar lauje mai lanƙwasa a kai, ta manoma, ga yankan kubewa da zangarniya. Duk yana da su, duk yana kula da su, amma zuciyarsa tana wajen miƙaƙƙiya, wadda kaifinta ya tafi sak ba ciki ba lanƙwasa, bayanta ne ke saukowa ya tarar da shi a ƙarshe. Ya ce ita kaɗai ke tafiya inda hannu ya aike ta. A wajen ƙota kuwa ƙahon bijimi ya fi so, baƙi, wanda maƙeran wajenmu ke dafawa su miƙar su kafe da ƙusar jan ƙarfe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, shi dai nasa ke nan.

Abokin gardamarsa shi ne Akawu, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Taubashinsa ne, saboda haka shi kaɗai ke da bakin tsokanarsa a bainar jama'a. Ya yi aikin En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, a Kankiya shekaru da yawa kafin ya dawo gida, ya zo da ƙaton tumbi, da agogon aljihu, da gwangwanin biskit cike da wuƙaƙen kanti. Abin alfaharinsa wata ce mai baki biyar, har da ɗan almakashi da wani murɗaɗɗen ƙarfe da ba wanda ya san aikinsa, wai wani Bature ne ya bar masa lokacin da suka tattara suka koma gida. Kowace Alhamis sai ya bubbuɗe ta duka ya ajiye a buzun Baffa.

"Malam, dubi nan. Wagga ita ɗai ta yi aikin adakarka duka."

Baffa ko kallonta ba ya yi. "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mutum ɗaya, baki biyar? Wanga ai ɗan siyasa ne."

"Kai kau da taka mai baki ɗaya kamar maraya!"

"Hiƙe mani alƙalami da ita in gani."

Akawu zai ɗauki karan gamba ya yi ta fama, bakin wuƙar yana rawa a mazauninsa, karan ya tsage har gindi. Sai Baffa ya ce, "To, a kai ma Baturen shi rubuta." Mu da ke gefe mu yi ta danne dariya. Haka suke kowane mako, magana ɗaya, ba wanda ya taɓa canja ra'ayi, ba kuma wanda ya taɓa fashin zuwa. Da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, aka cika kasuwar Kankiya da wasu masu ƙyalli, ƙotarsu ja da kore, har da hoton zaki a jiki, samarin da suka dawo daga birni suna ta yayinsu, sai ga su biyun sun haɗe kai karo na farko. Akawu ya ce gwangwani ne aka wasa. Baffa ya buɗe ɗaya ya rufe, ya saurara, ya mayar wa mai ita.

Cikin adakar akwai ɗaya da ba a jerawa tare da sauran. 'Yar Gabas ake ce mata, domin kakanmu ne ya zo da ita lokacin da ya dawo daga karatu a gabas. Miƙaƙƙiya ce, yatsu huɗu cif, ƙahonta ya yi sumul saboda riƙo, bakinta ya sirance saboda washi. Da ita kakanmu ya fiƙe alƙaluman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da ita Baffa ya fiƙe nasa. A gidanmu idan an ce wane an ba shi 'Yar Gabas, an gama magana, ma'ana an yarda da haddarsa da hannunsa, an ba shi izinin ya zauna ya rubuta. Doka ɗaya Baffa ya kafa mata, kada ta taɓa komai sai karan alƙalami. Mu kuma matasan gidan muka ƙara da namu. Muka ce ba a taɓa ta sai da alwala, muka ce idan jini ya taɓa ta albarkarta ta tafi, duk alƙalamin da ta fiƙe bayan nan sai ya yi kuskure. Ba wanda ya koya mana wannan, mu muka ƙirƙira, muka kuma gaskata shi fiye da abin da ke cikin littafi.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gemu ya fara tsirowa, Baffa ya kira ni wata safiya ta kaka bayan an gama yankan dawa. Ya ja mini baƙi, wato farkon ayoyi, daga wurare daban-daban, na kai ba tuntuɓe. Ya sa na yi rubutu a allo, ya daɗe yana dubawa. Sai ya buɗe adaka ya warware tsumma, ya kama hannuna na dama ya ɗora mini ita a tafi, ya rufe yatsuna da nasa.

"Gobe ka tahi Kankiya ka sawo takarda. In ka dawo ka hwara. Ka san dokarta."

Na ce, "Na sani, Baffa."

Ranar ban ci tuwon kirki ba. Kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Ina da 'yan'uwa da suka girme ni, har da 'ya'yan Baffa na cikinsa, ba a ba kowa ba sai ni. A nan na yi wautar farko. Ina da tawa wuƙar ta yau da kullum, wata mai tumbi da na daɗe ina fama da ita a gona, sai na ga ai wanda ke ɗauke da 'Yar Gabas ya wuce yawo da wannan. Na soke ta a jikin danga na bar ta nan. Ita kuwa 'Yar Gabas, da ya kamata in ajiye a gafaka tunda ba rubutu zan je yi kasuwa ba, na jefa ta a aljihun gaba, don ina so in ji nauyinta a ƙirjina. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa ranar na naɗa shi har da kunnuwa.

Na je Kankiya na sayi takarda, na hau mota zuwa Kusada, daga nan na kama hanyar ƙafa. Rana ta take, azahar ta kusa, hanya ba kowa, duk an koma gida. Gonaki sun zama fili, sai karmami da tushiya, ga ɗanyen gyauron dawa ya tsiro kore shar saboda wani ruwan da aka yi a makare. Duk ɗan ƙauye ya san gyauron nan guba ne ga dabba. Ina cikin tafiya ina tilawa a zuci sai na ji ana kira, "Malam! Malam, dan Allah!" Wata dattijuwa ce, za ta yi sa'ar mahaifiyata, durƙushe a gefen gona, zanenta duk ƙasa. Gabanta wani farin rago ne ƙato a kwance, cikinsa ya kumbura, yana kumfa yana shure-shure, idanunsa sun juye.

"Alhamdu lillahi, Allah ya kawo ka! Ɗana, yi maza ka yanka mani shi, gyauro ya ci. Na zamna in huta kaɗan ya kubce mani. Yi maza kada shi tahi a banza!"

Tana magana tana juya kan ragon gabas da hannunta, ta gyara mini wuyan. Mace ba ta yanka a wajenmu, ko da wuƙar a hannunta, balle ma ba ta da ita. Ni take jira. Ni kuma hannuna har ya kai ƙirji, na ji tudun wuƙar ta cikin riga, sai ya tsaya a nan. Kaifinta ya isa, wannan ban yi shakka ba, gashin hannu take askewa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne jini a bakin 'Yar Gabas, kwana ɗaya tak da ba ni ita, da fuskar Baffa, da 'yan'uwana suna cewa ai dama. Na buɗe baki na ce, "Inna, ban da wuƙa."

Ta ɗago ta dube ni. "Malami ba wuƙa?"

"Na mance ta gida."

Ba ta yi musu ba, ta dafe kai kawai ta fara salati. Na kasa tsayawa ina kallonta, na ajiye ƙunshin takarda na ce bari in nemo. Akwai wasu gidaje can nesa, ana hango rufinsu bayan wata kuka. Na tattare riga na zura da gudu cikin tushiya, ƙaya na suka ban kula ba. Ina gudu wuƙar tana dukan ƙirjina, kowane taku sai ta buga. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ina ganin idan na yi sauri sosai ƙaryar za ta zama ba komai. Na sami wani magidanci yana gyaran rumbu, ya zaro tasa, muka juyo tare. Tun daga nesa na gane mun makara, don na ga ta daina riƙe kan, ta koma gefe ta zauna ta miƙe ƙafafu.

Mutumin ya taɓa idon ragon, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri, ya kama ƙafafun baya ya ja shi cikin gona. Ungulaye har sun fara kewayawa. Ita kuwa ta bi shi ta kwance igiyar daga wuyan, ta naɗe ta a hankali a hannunta. Ta ce daga Bauranya take, tun yana ɗan ƙarami take kiwonsa da dusa da harawa, shi ke nan abin da ta mallaka, za ta kai shi ne ta sayar ta sayi hatsi, don gonarta ba ta yi ba bana. Da an yanka, ko banza mahauta sun karɓi naman, fatar ma wani abu ce. Sannan ta dubi ƙafafuna da ke jini, ta ce, "Wayyo ɗan nan, dubi yadda ka ji ciwo saboda ni. Allah shi yi maka albarka, Allah shi ba ka ɗiyan da za su yi maka gudu haka." Na ce amin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka, kafin in isa gida na lallashi kaina. Na ce ai amana na tsare, ai doka ce, ai ko Baffa ne haka zai yi. Na tarar da shi a ƙarƙashin ceɗiya shi da Akawu, na gaishe su na ajiye takarda. Akawu ya ga ƙafata ya ce ko kura ce ta biyo ni. Sai na ba su labari, har ina ɗan ƙawata shi, na ƙare da cewa, "Amma Baffa, ban bari ta taɓa jini ba." Ina jiran a ce madalla. Akawu da bakinsa ba ya rufuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da agogonsa.

Baffa ya ce, "Tana ina sa'adda matar ta roƙe ka?"

"Tana aljihuna."

"Mi ka ce mata?"

Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, muryarsa ba ta tashi ba. Na ce, "Na ce ban da wuƙa."

Sai Baffa ya ce, "Na ce kada ta taɓa komi don kada bakinta shi dakushe. Baki kau ana wasa shi. Jini ruwa ka wanke shi. Wa ya ce maka ƙarhe ya hi abincin tsohuwa?" Na fara cewa ai mun ji an ce albarkarta, ya ɗaga hannu. "Ni ban ce ba. Amma ina ji kuna hwaɗi ban hana ba, don shina mani daɗi a girmama ta. Wanga laihina ne. Ƙaryar kau taka ce, da bakin da ka yi mani karatu jiya."

Akawu ya ce, "Malam, yaro ne, tsoronka ya ji."

"Na sani. Shi ya sa abin ya hi mani ciwo."

Washegari da sassafe ya kwance wani rago daga turke ya miƙo mini igiyar. Sai a lokacin na san ashe tun bara ya ware shi yana kiwo saboda walimar ranar da zan gama rubutu. Ya ce in kai mata Bauranya, in kuma tafi da wuƙar in nuna mata, in gaya mata da bakina inda take jiya. Na roƙe shi in kai ragon kawai. Ya ce ragon nasa ne, maganar ce tawa.

Ban sha wuyar samun gidan ba, labari ya riga ni. Ɗan gida ne na kara, turken ragon yana nan da sauran harawa a gefe. Ta fito ta gane ni, ta hau murna tana neman tabarma. Na ce ta bari. Na durƙusa na zaro wuƙar na ɗora a tafin hannu, na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Can ta ce in buɗe ta gani. Na buɗe.

"Wagga 'yar mitsitsiya?"

"Ita ce, Inna. Da ita aka hiƙe alƙalamin rubutun Alƙur'ani, tun kakanmu."

Ta ja hannunta baya, ta goge shi a zane, ba ta taɓa ba. Ta ce, "To ai da ka hwaɗa mani haka jiya, ni da kaina sai in hana ka. Wa za ya sa wuƙar Alƙur'ani ga wuyan rago saboda ni? Sai in ce tahi ka nemo wata, in Allah ya yi shi mushe ne, shi ke nan." Ta dubi ragon da na zo da shi, ta dube ni. "Ragon na amsa, ka yi ma malaminka godiya, ban da halin in ƙi. Amma ɗan nan, jiya har na kai gida ina ba mutane labarin wani malami da ya yi gudu cikin ƙaya saboda ni. Yanzu mi za ni ce masu?"

Ta karɓi igiyar ta ɗaure shi a turken, ta ɗebo mini ruwa a ƙwarya don na sha hanya. Ta ce ta yafe, addu'ar da ta yi mini ma ba ta janye ba, amma har na fita ba ta ƙara kirana Malam ba.

Da na dawo na faɗa wa Baffa yadda muka yi. Ya miƙo hannu, na ɗora masa wuƙar. Ya buɗe ya duba bakin, ya rufe, ya naɗe ta a tsummanta ya mayar cikin adaka. Na ce, "Baffa, rubutun hwa?" Ya ce, "Za ka rubuta. Kullum da sahe ka zo da kara, ni hiƙe maka."

Haka aka yi. Fiye da shekara guda, kowace safiya bayan an tashi daga karatu, ina zuwa da karan gamba in durƙusa gabansa. Zai fiƙe, ya tsaga, ya gwada a farcen babban yatsa, ya miƙo mini alƙalamin, ya mayar da wuƙar. Bai taɓa yi mini gori ba, bai taɓa ɗaga maganar ba, wani lokaci har hira muke yi. Ni kuwa kullum idona yana kan hannunsa, ina cewa yau ne zai haɗa da ita. Ranar da na rubuta harafin ƙarshe, ya tara malamai aka duba, aka yi addu'a, na ga hawaye a gemunsa, ya dafa kaina ya sa mini albarka a gaban kowa. Na ce to yau kam. Aka watse, ya shiga ciki. Na yi niyyar tambayarsa ya fi a ƙirga, kunya ta hana ni, ina ganin akwai lokaci. Da damina ta zagayo ya kwanta ciwo kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki 'ya'yansa suka buɗe adakar a zaure. Kowa ya zaɓi wadda ta yi masa, masu girma da masu kyan ƙota aka fara ɗauka. Akawu yana zaune a gefe, ya rame, ya ce shi ba ya son ko ɗaya, da wa zai yi gardama a kanta. Da aka zo kan 'Yar Gabas, babban ɗan Baffa ya juya ta, ya ga bakin ya sirance, sai ya turo mini ita a kan tabarma da bayan hannu, ya ce, "Ɗauki wagga, kai ka rubutu."

Tana wajena har yau, cikin tsummanta. Ina shafa mata mai, ina jin ƙas ɗinta, mutane suna cewa ga wanda Malam ya bar wa 'Yar Gabas, ni kuma ina gyara musu, don na daina barin irin wannan ta wuce. Ba shi ya bar mini ba. Sau ɗaya ya sa mini ita a hannu, na riƙe ta kwana biyu, ya karɓe, kuma ya tafi bai mayar ba.